Yadda ɗan wasan besbol a jami'ar Amurka zai kauce wa haramtaccen rangwame

Iyaye a unguwar Nima ko Sabon Zongo a birnin Accra da ɗansu ke buga besbol a jami'ar Amurka su sani cewa NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ta haramta wa ɗan wasa karɓar rangwame ko kyautar da sauran ɗalibai ba sa samu. Idan mai shago ya rage masa kuɗin takalmi saboda wasansa, ya fara tambaya ko ragin na kowa ne. In ba haka ba, ya ƙi karɓa cikin ladabi, ko da yake a al'adarmu mayar da kyauta abin kunya ne. Tun Yulin 2021 an halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa, amma ya sanar da ofishin kula da bin dokoki na makarantarsa kafin ya sa hannu a yarjejeniyar tallan.