Yadda Ake Tunkarar Ranar Gasar Jirage Marasa Matuƙa ta Ɗalibai a Bauchi

Ɗaliban da suka fara shiga harkar gasar jirage marasa matuƙa a jami'ar ATBU, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, ko a Kwalejin Tatari Ali, yawancinsu suna zaton gasa tana farawa ne lokacin da farfela ta fara juyawa. Gaskiyar magana, tashin bai wuce 'yan mintoci ba. Ƙaramin jirgin tsere da ƙyar yake wuce minti 3 zuwa 5 a kan batir guda. Sauran yinin duk a ƙasa za ku yi shi, kuna jira, kuna dubawa, kuna gyara, kuma a nan ne ake samun maki ko a zubar da shi. Kowace gasa da nata tsarin, wata tsere ce ta cikin zobba, wata ɗaukar kaya a sauke a kan alama, wata kuma jirgin ne zai bi taswira da kansa ba hannun kowa. Amma tafiyar ranar kusan ɗaya ce.

Mataki na farko: ku daina taɓa jirgin kwana biyu kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan jirgi yana tashi lafiya ranar Alhamis, kada wani a cikinku ya ce zai sabunta manhajar da ke sarrafa jirgin, Betaflight ko ArduPilot, daren Juma'a don ya ga wani bidiyo a YouTube. Sabuntawa na iya goge saitin da kuka sha wahala a kansa. Ku ajiye kwafin saitin a kwamfuta da kuma a waya, ku rufe maganar.

Waɗannan kwanaki biyu na karanta dokokin gasa ne, layi bayan layi, kowa da kowa. Nauyi nawa aka yarda? Batir mai gida nawa, wato ƙananan batura nawa aka haɗa a cikinsa? Minti nawa ake ba tawaga ta shirya bayan an kira sunanta? Ku kuma tambayi masu shirya gasar a kan izini. A Najeriya hukumar sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke kula da tashin irin waɗannan jirage, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro shi ma yana da hannu a ciki. Bauchi tana da filin jirgin sama a Durum, akwai sansanin sojin sama, akwai barikokin soja. Izinin da aka samar wa filin gasa bai shafi unguwarku ba, saboda haka kada ku ce za ku yi gwajin ƙarshe a bayan gida ko kusa da wani ginin gwamnati.

Mataki na biyu: daren jajibiri na batir ne

A nan zan tsaya, domin batirin da waɗannan jirage ke amfani da shi, mai suna LiPo, shi ne abin da ya fi komai haɗari a cikin kayanku. Kowane gida a cikinsa yana cika ne a bolt 4.2, wato batir mai gida huɗu zai nuna 16.8 idan ya cika. Ku yi amfani da caja mai daidaita gidajen, ku duba kowanne daban. Idan ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, ko batirin ya kumbura, ko ya taɓa lotsewa a wata faɗuwa, a cire shi daga lissafi, komai tsadarsa. Na san abin da kuɗinsa yake nufi ga ɗalibin da ya yi karo-karo da abokai ya saya, amma wutar LiPo ba ta ba da lokacin tunani.

Cajin da ya fi aminci shi ne na sannu: batir mai 1500 mAh a ba shi amfiya 1.5, ya cika cikin kusan awa guda. Ku lissafa yawan baturanku, ku fara da wuri, tunda ba wanda ya san lokacin da za a ɗauke wuta. A yi cajin a kan siminti, nesa da katifa da labule, da mutum a zaune a wurin. Ba a jona batir a tafi masallaci, ba a jona shi a kwanta barci. Kowane batir a manna masa salatif a rubuta lamba.

Sai a haɗa akwati: farfela ta sauyi da yawa, masu juyawa dama da masu juyawa hagu, sukudireba, filaya, noti, dalma da ƙarfen narkar da ita, mitar auna wuta, igiyoyin ɗaure waya, dogon soket, katin shaidar makaranta. Batirin rimot da na kwamfuta su ma a cika su, mutane sun cika mantawa da su.

Mataki na uku: ku riga kowa zuwa

Ku isa kafin rana ta ɗaga. Wanda ya zo da wuri shi ke samun teburi a inuwa kusa da soket. Idan a Keke Napep za ku je, a cire farfela, a riƙe jirgin a cinya, kada a jefa shi a baya tare da jakunkuna.

Bayan rajista sai bincike. Alƙalai za su ɗora jirgin a sikeli, su auna shi, su girgiza shi su ji ko wani abu na motsi, su duba ko waya ta fito tsirara. Daga nan sai gwajin da ya fi kayar da tawagogi: me jirgin zai yi idan ya rabu da rimot? Za a cire farfela, a kunna injinan, sai a kashe rimot. Jirgin tsere dole injinansa su tsaya nan take. Mai GPS kuma ya nuna ya shiga tsarin komawa inda ya tashi, ko na sauka. Idan injinan suka ci gaba da gudu, ba za a bar ku ku tashi ba, kuma daidai ne. Ku yi wannan gwaji a ɗakinku tun kafin ranar. Idan alƙali ya nuna muku gyara, ba wurin gardama ba ne. “To Yallaɓai, minti nawa muke da shi mu gyara mu dawo?” ita ce tambayar da za ta amfane ku.

Mataki na huɗu: taron matuƙa

Kafin a fara, za a tara matuƙa a faɗi iyakokin fili, inda 'yan kallo za su tsaya, iyakar tsayi, da kalmar da idan aka faɗe ta kowa zai sauka. Kowa ya halarta, har mai riƙe akwati.

Abin da za ku rubuta a tafin hannu shi ne tashar bidiyonku. Rimot yawanci yana aiki a 2.4 GHz, yana iya zama da wasu ba matsala. Hoton da kamarar jirgin ke aikowa cikin tabarau na musamman da matuƙi ke sakawa kuwa a 5.8 GHz yake, tashoshinsa kaɗan ne. Idan kuka jona batir a teburinku alhali wani yana sama a tasha ɗaya da ku, hotonsa zai ɗauke, ya makance a tsakiyar gudu, jirginsa ya tafi inda Allah ya nufa. Wannan shi ne laifin da 'yan wannan harka ba sa yafewa da sauƙi. Muddin akwai jirgi a sama, ba mai jona batir sai da izini. Kuma duk aikin da za a yi a kan teburi, a cire farfela tukuna. Farfelar da ke yanka iska haka take yanka yatsa.

Mataki na biyar: jira, da rana

Za ku jira, wataƙila har bayan azahar. Zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu yana kai digiri 40, kuma batir ba ya son zafi. A ajiye su a inuwa, ba a cikin mota a rufe ba, ba a kan kwalta ba. Bokitin yashi ya kasance kusa. A rufe jirgin da tsumma mai haske, kwamfuta ma haka. In lokacin hunturu ne, ƙura ce abokiyar gaba: tana shiga injin, tana rufe idon kamara, hazo kuma yana sa jirgi ya ɓace wa ido tun bai yi nisa ba.

Ku raba aiki tun yanzu. Matuƙi ɗaya, mai sa ido a sama ɗaya, mai kula da batir ɗaya, mai kwamfuta ɗaya. Matuƙi ya ci abinci, ya sha ruwa, a bar shi ya huta. Ku kalli waɗanda suka riga ku tashi da idon ɗalibi: a wace kusurwa iska ke ture su, wane zobe ne kowa ke karo da shi.

Mataki na shida: an kira sunanku

Ku tafi da takardar dubawa a hannu, mutum ɗaya na karantawa, ɗaya na amsawa. Farfela a daidai wurinta, notinta a ɗaure. Batir a ɗaure tamau. Eriya a miƙe. Rimot ake fara kunnawa, sannan a jona batirin jirgi.

Masu GPS, kada agogo ya ruɗe ku. Ku bari ya kama taurarin ɗan'adam isassu, goma ko fiye in da hali, domin inda ya ɗauka a matsayin gida nan zai koma. Idan za ku saita kamfas, wato na'urar da ke nuna wa jirgin alƙibla, ku nisanci motoci, turakun raga da daɓen da ke da rodi a ciki, ƙarfe yana karkatar da shi. Ku tabbata tsayin komawa gida ya wuce bishiyoyin dogon yaro da turakun lantarkin da ke kewaye da filin.

Akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba. Bauchi tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, iska mai zafi kuma ba ta da kauri. Jirgin da ya ɗaga kayansa cikin sauƙi da sanyin safiya zai yi nishi da ƙarfe biyu na rana, ya sha batir fiye da yadda kuka saba. Ku rage buri. Ku ɗaga shi kamar mita biyu, ku tsaya daƙiƙa kaɗan ku saurari ƙararsa. In yana rawa, ko yana jan gefe guda, ku sauke. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yana sama, murya ɗaya kawai matuƙi zai ji, ta mai sa ido. Gajerun kalmomi: “hagu kaɗan”, “mutum a fili”, “shirwa a sama”. Shirwa kan kawo wa ƙananan jirage farmaki, in ta matso a kauce mata. Mai batir ya riƙa faɗin bolt ɗin da ya rage, da ta kusa 3.5 a kowane gida, wato 14 a mai gida huɗu, a nufo ƙasa ko da saura zobe ɗaya. Zagaye biyu masu tsabta sun fi uku da suka ƙare a cikin ciyawa, tunda akwai zagaye na gaba kuma jirgi ɗaya gare ku.

Mataki na bakwai: idan ya faɗi

Zai iya faɗuwa, na ƙwararru ma yana faɗuwa. Matuƙi ya kashe injin nan take. Kada kowa ya ruga cikin fili sai alƙali ya ce an buɗe, domin wasu na iya kasancewa a sama. Da kun isa, a fara cire batir, a duba shi. In ya huje, ko yana zafi, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, a kai shi kan yashi nesa da mutane a zuba masa ido. Ku tsince duk gutsuren da ya watse. Kada ku fara neman mai laifi a gaban jama'a. Idan jirgin yana ajiye bayanan tafiyarsa, a sauke su a kwamfuta, su za su nuna ko wuta ce ta yanke ko sigina.

Mataki na takwas: gaban alƙalai, da tattara kaya

Gasa da yawa suna ba da maki a kan bayani. Za a tambaye ku dalilin zaɓen wannan injin da wannan farfela, nauyin jirgin, nawa kuka kashe, me kuka ƙera da hannunku, me kuka sayo. Ku faɗi gaskiya. Malamin da ya san aikin zai gane firam, wato gangar jikin jirgin, da aka sayo a haɗe tun daga nesa, kuma tawagar da ta ce “wannan hannun ya karye mana, muka sake shi da bututun roba, ga abin da ya ƙara a nauyi” ta fi burge shi. Kowa a tawagar ya iya amsa tambaya, mata da maza, kada a bar wa mutum ɗaya baki.

Kafin ku watse, ku je teburin waɗanda suka fi ku, ku gaisa, ku tambaye su saitinsu da inda suke samun kaya, ku karɓi lambar waya. Kayan gyara ba su da yawa a garin nan, sau da yawa sai an yi oda an jira, kuma injin da kuka rasa wataƙila yana cikin akwatin wata tawaga daga Gombe ko Kashere. Baturan da ba ku yi amfani da su ba kada su kwana biyu a cike. A sauke su zuwa 3.8 a kowane gida, waɗanda suka ƙare kuma a ɗaga su zuwa nan, sannan a ajiye su a wuri mai sanyi cikin akwatin ƙarfe ko jakar da ba ta cin wuta.