Motsa jiki bayan buguwar kai

Wanda ya faɗi da moto kanshi ya bugu, kwana 1 ko 2 na farko hutu ne, amma kwanciya sati da sati cikin ɗaki ba ta taimakon ƙwaƙwalwa. In lokotoro ya ba ka izini, fara da tahiya a hankali minti 10 zuwa 15, bayan sallar asuba ko da marece, don ranar Tahoua kanta tana sa ciwon kai. Ma'aunin shi ne ka iya hira kana tahiya ba tare da haki ba. In jiri ko ciwon kai ya ƙaru sosai ka tsaya, ka sha ruwa, gobe ka rage. In lahiya lau, sai ka ƙara minti kaɗan duk bayan kwana biyu, kuma ka tahi da wani, kamar ƙanena da kanshi ya bugu, nakan riƙe mishi hannu wajen tsallaka godoro don idonshi na juyawa in motoci na wucewa. Kokowa da ƙwallo da hawan moto kam a manta da su tukuna, bugu na biyu ya fi na farko haɗari. Amai a kai a kai, farfaɗiya ko barci mai nauyi, asibiti nan take.