Yadda za mu taka wa kashe kuɗin jama'a kan hotunan manya birki

Kwanaki na kai yarinyata wani ƙaramin asibiti a unguwarmu, bango ya sha hotuna sababbi fil cikin firem mai ruwan gwal, ga shugaban ƙasa ga gwamna ga ciyaman, amma benci ɗaya tal a wajen jira, mata masu goyo duk a tsaye. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don duk canjin gwamnati sai an sauke an rataya sababbi, kuma ƙananan hukumomi 23 gare mu a Kaduna, ka lissafa ofis nawa ke nan.

To abin yi na farko ka ƙirga. Makarantar firamare, asibiti, sakateriya, duk inda ka shiga ka rubuta hoto nawa ka gani da abin da babu a wurin, kujera ce ko magani ko ruwa, don da wannan za ka yi magana, ba da ihu ba.

Sai ku haɗu ku kamar goma, da mai unguwa in zai yarda, ku rubuta wa ɗan majalisarku na jiha takarda a kai Lugard Hall, wato majalisar dokokin jihar Kaduna, a buga muku hatimi a kwafinku ku dawo da shi. Kar ku ce a hana hoto gaba ɗaya, ba za su saurara ba. Ku ce hoto ɗaya a babban ofis ya isa, a ƙayyade kuɗinsa, allon talla mai fuskar shugaba a bakin kwalbati ko rijiyar burtsatse kuwa mai so ya biya daga aljihunsa.

In an ce muku ba a taɓa yi ba, ai an yi. A Amurka sanata Bill Cassidy ya kai ƙuduri, Trump ya sa hannu a 2018, aka hana zana hoton jami'an gwamnatin tarayya da kuɗin baitulmali, har da shugaban ƙasa. Shugaban Ukraine Zelensky ma ranar rantsar da shi a 2019 cewa ya yi jami'ai su rataya hoton 'ya'yansu maimakon nasa.

Lokacin taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi ku je da kwafin nan, ɗaya ya miƙe ya karanta, sannan ku tambayi ɗan majalisar a gaban mutane ranar da zai gabatar da maganar a zauren majalisa.