Yadda za ka rubuta wa wani waƙa sunanka bai ɓace ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta waƙa a ɗakina da ke unguwar Zariya, nan Maradi, kuma ban taɓa tsayawa gaban jama'a na rera ba. Nawa shi ne in tsara baiti, in sa masa kari, in miƙa wa mai murya. Ƙannena masu irin wannan sana'a, da ku nake.

Malaminmu na Turanci ne ya fara ba mu labarin wata ƙungiyar mawaƙa mai suna The Monkees. A 1966 tashar NBC ta Amurka ta soma nuna wani shirin barkwanci na samarin nan huɗu mawaƙa, waɗanda aka zaɓo aka haɗa saboda talabijin kawai. Waƙoƙin da suka ɗaga su, wasu ne suka zauna suka rubuta. Tommy Boyce da Bobby Hart suka yi waƙar buɗe shirin da "Last Train to Clarksville". Neil Diamond ya rubuta "I'm a Believer", wadda ta yi mako bakwai tana kan gaba a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Carole King da Gerry Goffin ma sun ba su waƙa, haka John Stewart. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a jikin faifan, ƙarƙashin sunan kowace waƙa, akwai sunan wanda ya rubuta ta. Shi ya sa a 2001, da aka sa waƙar Neil Diamond cikin fim ɗin Shrek da muryar wasu mawaƙan dabam, ba a yi gardamar mai ita ba.

To, kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, je ka saurari wanda zai rera. Ka ji inda numfashinsa yake yankewa, ka ji ko Katsinanci ne a bakinsa ko Hausar finafinan Kano yake kwaikwayo. Waƙa kamar ɗinki ce, sai an auna mai sakawa. Idan ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ya fi ƙarfin numfashinsa, a situdiyo zai datse shi da kansa, kuma daga ranar zai fara cewa ai tare kuka rubuta.

Da ka gama, rera ta da muryarka a waya, ko da muryar ba daɗi. Ka faɗi sunanka da kwanan wata a farko, ka tura wa kanka da wani amintacce ta WhatsApp tun kafin kowa ya ji. Littafin da ka rubuta a ciki, da duk goge-gogensa, ka adana shi.

Sai maganar kuɗi, inda mafi yawanmu muke faɗuwa saboda kunya. Na taɓa ba wani yaro waƙar biki a kan jika goma. Ya ce, "Yaya, ai mu ɗaya ne, mene ne na takarda?" Na ji nauyinsa na ƙyale. Bayan wata uku na ji ta a tashar ƴan kabu-kabu, na ji ta a shagon caji, wani abokina da ya bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya ya dawo ya ce can ma ita ake sa wa. A cikin waƙar an ambaci mai situdiyo, an ambaci mai kiɗa, har uwar amarya. Ni babu. Ya yi mini ciwo sosai, kuma ban da abin nunawa.

Don haka ku rubuta takarda, ko rabin shafi ce. A sa sunan waƙa, sunan marubuci, sunan mai rerawa, da abin da aka biya. Sannan a fayyace abu ɗaya: izinin rerawa ka ba shi, ko kuwa har da sa ta a fim, a talla, ko a miƙa wa ɗan siyasa lokacin kamfe? Kowanne da farashinsa. Ni yanzu izinin rerawa kaɗai nake bayarwa, sauran sai an dawo mun sake zama. A yi takardar da Hausa da Faransanci, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa. In da hali a kai ofishin magajin gari a buga hatimi.

Akwai kuma BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar. Ka nemi su yi maka rajistar waƙoƙinka a matsayin marubuci, domin a wurinsu marubuci dabam ne, mai rerawa dabam.

Mu nan ba faifai muke sayarwa ba. Waƙa tana yawo ne daga waya zuwa waya, kuma kafin ta kai mutum na biyar an canza mata suna. Rubutun da aka sa a ƙarshen bidiyo ma yanke shi ake yi. Abin da ba ya yankuwa shi ne abin da ke cikin muryar. Tun da al'adar mawaƙanmu ce su ambaci mutane, ka sa a takardar cewa za a ambace ka a matsayin wanda ya tsara waƙar, kuma ka rubuta ɗangon da kanka. Ni ina sa nawa a baiti na biyu, dab da amshi, inda mai haɗa sauti ba zai iya cire shi ba sai ya ɓata karin.