Wannan ƴar ƙaramar "s" da ke kayar da mu a Turanci

Akwai wani kuskure da nake yawan cin karo da shi a rubutun Turanci, har a wajen mutanen da suka yi karatu mai zurfi, kuma yana damuna sosai don gyaransa ba shi da wata wahala. Mutum zai rubuta takardar neman aiki tsaf da manyan kalmomi, kana cikin karantawa sai ka ga "he have" ko "she don't", shi kenan mai dubawa ya fara yi wa takardar wani irin kallo. Abin da ya faru shi ne aikau da aikatau ba su daidaita ba, wato mai yin aikin da kalmar aikin, alhali dokar ita ce tilo ya bi tilo, jam'i ya bi jam'i.

Mu fa mun san dokar nan tun muna yara. Yaro ya zo, yarinya ta zo, yara sun zo, ba Bahaushen da zai ce maka "yara ya zo". Bambancin kawai shi ne mu a kan ya da ta da sun muke sa alamar, kalmar "zo" tana nan yadda take, su kuma Turawa a wutsiyar aikatau suke liƙa tasu.

To inda kai ke ɗaurewa shi ne, an koya mana cewa "s" alamar jam'i ce, "boy" ɗaya "boys" da yawa, sai kwakwalwa ta ɗauka haka abin yake ko'ina. A kan suna ne kawai haka take. In ta hau aikatau ma'anarta juyawa take yi, ta koma alamar mutum ɗaya. "The boy plays", amma "the boys play". Ka lura "s" ɗin guda ɗaya ce suke karɓa-karɓa, in suna ya riƙe ta aikatau ya sake ta, in aikatau ya riƙe suna ya sake. Kuma wannan rigimar duk ta lokacin yanzu ce, sannan a kan "he", "she", "it" da abin da zai iya maye gurbinsu kaɗai. A shuɗaɗɗen lokaci "went" ɗaya ce ga kowa, "was" da "were" ne kawai suke canzawa. Su kansu Turawan a zamanin da "goeth" da "hath" suke cewa, wannan "s" ɗin daga arewacin Ingila ta taso, wajen shekarun 1600 ta ture tsohuwar a Landan.

Sai "does", wadda ita ce ta fi cin mutane. "He doesn't knows" kuskure ne, don "does" ta riga ta ɗauke "s" ɗin, ba a biya sau biyu. "He doesn't know", "does she work here?" Haka su "can", "will", "must", "should", su ba ruwansu da "s" kwata-kwata, kuma abin da ya biyo bayansu ma tsirararsa yake zuwa, "she can drive". Shi kuma "you" ko mutum ɗaya kake wa magana "you are", "you were" za ka ce, saboda asalinsa wakilin jam'i ne, "thou" ne na mutum ɗaya kafin ya faɗi. An daɗe ana rubuta "you was" har sai da masu nahawu irin su Robert Lowth a littafinsa na 1762 suka yi ta sukarsa.

Amma wanda nake so ku fi tsayawa a kansa shi ne wannan, don shi ne yake kama har ƙwararru. Kunne yana da halin cafke kalmar da ta fi kusa da aikatau ya ɗauka ita ce mai aikin. Mutum zai ce "one of my friends are sick" saboda "friends" ce ta ƙarshe da ya ji, alhali mutum nawa ne ba lafiya? Ɗaya. Juya ta zuwa Hausa ka ji, ɗaya daga cikin abokaina ba shi da lafiya, ba ka ce ba su da lafiya ba. To "one of my friends is sick". Haka "the price of these books is high", tsadar ta farashi ce, kuma farashi guda ne, littattafan rakiya kawai suka yi. "The students in my class are serious". Dabarar da nake amfani da ita kullum, in jimla ta yi tsawo sai in sa yatsa in rufe duk abin da ya fara da "of" ko "in" ko "with" har zuwa bakin aikatau, in karanta abin da ya rage, nan take za ka ji in da gargada. "As well as" da "together with" ma ƴan rakiya ne, "the teacher, as well as the students, is here". "And" ce mai haɗa biyu su zama jam'i.

"Everybody", "everyone", "each", "nobody" duk tilo ne duk da cewa taro ake nufi, kuma a nan Hausa ta taimake mu, kowa ya zo muke cewa, to "everybody is here", "nobody knows".

Sai dai fa gwajin nan na juyawa zuwa Hausa yana da inda yake yaudara, kuma wallahi nan ne na fi tausaya wa ɗalibai don ba sakaci ba ne, harshensu ne ke magana a ƙarƙashin Turancin. Muna cewa kuɗin sun ƙare, kayan sun iso, labaran ba su da daɗi, sai hannu ya rubuta "the money are" da "the news are". A Turanci waɗannan ba a ƙirga su, tilo ake ɗaukarsu: "the money is finished", "the luggage has arrived", "the news is bad". Haka "information", "advice", "furniture", "equipment", ba sa karɓar "s" kuma "is" suke bi. "Mathematics" da "physics" ma kar wutsiyarsu ta ruɗe ka, "mathematics is". Sannan ga kishiyar haka, wando da almakashi a wajenmu abu ɗaya ne, su kuma "my trousers are", "the scissors are". "People" da "police" ko "s" babu a jikinsu amma "are" suke ɗauka. Waɗannan kam ba wata dabara, hadda ce, ka rubuta su wuri ɗaya kana dubawa har su zauna.

"Neither... nor" da "either... or" su ne wurin da aka yarda kunne ya yi halinsa, wanda ya fi kusa da aikatau shi ake bi, "neither the manager nor the workers are here". "A number of people are waiting" amma "the number of people is rising", na farko yana nufin mutane da dama, na biyu adadin ake magana a kai. In kuma jimla ta fara da "there", duba abin da ke gaba, "there are many reasons".

Game da su "team", "government", "family", kar ka yi saurin gyara wa wani. A Ingila za ka ji masu sharhin ƙwallo suna cewa "the team are playing well" kuma daidai ne a wajensu, a Amurka "the team is" suka fi yi. Kamar dai yadda mu ma wani zai ce jama'a ta taru wani ya ce jama'a sun taru. Ka dai zaɓi ɗaya ka riƙe shi a rubutu guda, kar ka fara da "the team is" layi na gaba kuma ka koma "the team have".