Yadda Ake Zaɓen Dillali Wajen Fitar da Wake daga Damagaram

'Yan kasuwar Dole da ke Damagaram sun yawaita tambayar yadda ake zaɓen dillali, ga matakan:

1. Ka nemi dillalin da tsofaffin fatake suka shaide shi.
2. Ka tambaye shi ko la'adarsa a kan kowane buhu take, ko kaso ce daga kuɗin ciniki.
3. Ka ware la'ada daga kuɗin duwan (kwastan), na mota da na 'yan dako. Hattara, a nan ake yawan tafka asara, domin wasu sukan dunƙule su wuri guda, sai kaya sun kai iyaka su ɓullo da sabon lissafi.
4. Ku daidaita ko da sefa za a biya ko da naira, tunda canji ba ya tsayawa.
5. Ku rubuta yarjejeniyar gaban shaidu.
6. Ka fara gwada shi da buhu kaɗan.