Babi na Huɗu: Gina Shafin Intanet na Farko a Kwamfutar Tebur

Darasi na 1: Wurin ajiya

Kafin ku rubuta komai, ku ƙirƙiri folda guda ɗaya a fuskar kwamfuta, ku sa mata suna shafina, da ƙananan haruffa. Duk abin da ya shafi aikinku, rubutu ne ko hoto, a cikinta zai zauna. Sannan ku buɗe Notepad, manhajar rubutu da ke zuwa tare da Windows, ku rubuta wannan layi daidai yadda kuka gan shi: <h1>Barka da zuwa</h1>. Wannan shi ake kira HTML, harshen rubuta shafukan intanet, kuma da shi Tim Berners-Lee ya rubuta shafin farko na duniya a cibiyar bincike ta CERN, wanda ya fito a 1991. Kada alamomin su ba ku tsoro, da sannu hannu zai saba.

Darasi na 2: Adanawa

A nan ne na ga ɗalibai da yawa suna tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Ku danne maɓallin Ctrl da ɗan yatsan hagu, kada ku sake shi, sannan ku taɓa harafin S sau ɗaya. Akwati zai fito yana neman suna. Ku zaɓi foldar shafina, ku rubuta index.html, da ɗigo tsakanin kalmomin biyu. A layin da ke ƙasa ku zaɓi All Files, domin idan ba ku yi haka ba Notepad na iya liƙa .txt a ƙarshen sunan, sai burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta nuna muku alamomin tsirara maimakon shafi. Ku kuma zaɓi UTF-8 a layin Encoding, ku danna Save, sannan ku sa <meta charset="utf-8"> a saman rubutunku, saboda haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, su fito daidai. Ku sake adanawa.

Yanzu ku danna fayil ɗin sau biyu, zai buɗe a burauzarku, kamar Chrome ko Firefox. Madalla, kun gina shafi.

Ku koma Notepad ku canza kalma ɗaya. Kafin ku leƙa burauza, ku adana: Ctrl da S. Bayan kun adana, ku je burauza ku danna maɓallin F5 don ta sake karanta fayil ɗin. Ku sake canza wata kalma, ku adana, ku danna F5. Ku yi haka sau goma. Burauza ba ta ganin abin da ke gabanku a Notepad, abin da aka adana kawai take karantawa. A kowane aji sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kwamfutata ta lalace," in je in tarar bai adana ba. Na faɗa, na sake faɗa, kuma gaskiya rashin kula ne mutum ya yi awa guda yana rubutu bai adana ba, alhali ya san kwamfutar tebur ba ta da batir, ana ɗauke wuta aikin ya tafi. Ku adana tukuna, sannan F5.

Darasi na 3: Launi

Ado da launi aikin CSS ne, wato harshen ƙawata shafi. Ku mayar da farkon layinku na h1 ya zama <h1 style="color:green">, ku adana, ku danna F5, rubutun zai koma kore.

Darasi na 4: Ɗora shafi

Wanda hannunsa ya saba ya sauke Visual Studio Code, wata manhajar rubutu da ta fi Notepad kayan aiki, kyauta ce. Ana iya ɗora foldar a GitHub Pages, wani wurin ɗora shafuka a intanet, don jama'a su gani. Ku tambayi malamin aji ya nuna muku.